Jirin da Ya Sa Inna Ta Dube Ni

Duk mai tsoho a gida ya tsaya ya ji wannan, don mu ba mu taɓa sanin akwai irin ciwon nan ba sai da ya faɗo mana. In jiri ya kama naku, irin wanda mutum yana kwance ɗaki na juyawa da shi, kada ku yi abin da muka yi. Mu rufe Innarmu muka yi a ɗaki mai duhu muna cewa hutu take so, ashe ƙara ɗaure ta muke yi. Ta tashi daga baya, alhamdu lillahi, ta taka da ƙafarta. Amma ni ba murna ce ta zaunar da ni rubutun nan ba.

Sai na fara faɗa muku ko ni wace ce a wurinta, in ba haka ba ba za ku gane ba. Ni ce ƴar farin Inna. A ƙauyenmu, can gefen Kanan-Bakashe, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Kara ce, kuma abin yabo ce. Ana yaye ni aka kai ni Tasawa wurin gwaggona, can na girma, na yi aure, na hayayyafa. Sunana Hadiza, amma a bakin Inna ni "waccan" ce. In na zo gida na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa. In tana son in sa wani abu a cikina, sai ta ce wa ƙanena Sa'adu, "Ka ce da baƙuwarku ga fura nan." Mata su yi ta cewa, "Kai, Inna akwai kara!" Ni kuma in yi murmushi, in zaga bayan ɗaki in share ido. Na haura arba'in, furfura ta fara leƙo mini, kuma abu ɗaya nake roƙon Allah wanda ban iya faɗa wa kowa ba: uwata ta dube ni ido cikin ido kafin ɗayarmu ta mutu.

Farkon damina ne, an gama shuka. Inna ta yi ƴar mura ta warke, babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Sai wata safiya Sa'adu ya kira ni a waya.

"Yaya, ki zo. Inna ta sunkuya ɗaukar tulu ta faɗi. Amai take yi ba ƙaƙƙautawa."

Na shiga mota zuwa Mayahi, daga nan kabu-kabu, wato moton haya, ya yi ta iyo da ni cikin rairayi. Na iske ta kwance a gefen dama, ta damƙe bakin tabarma da hannu bibbiyu, ido a rufe, tana cewa, "Ku riƙe ɗakin nan, zai kife da ni." Da Balki, matar Sa'adu, ta lallaɓa ta ta buɗe ido, sai muka ga ƙwayar na fizga gefe guda ba tsayawa. Bakinta bai karkace ba, hannunta da ƙarfinsa, kunne kuwa ko raɗa aka yi tana ji. Amma ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo.

Kun san mutanenmu da ciwo, kowa likita ne. Kawu Ilu, ƙanen Inna, ya ce iska ce, ta bi ta ƙarƙashin tsamiya da rana tsaka. Wata ta ce hawan jini. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, wanzami ya zo ya kafa mata ƙaho a ƙeya. Majo, wato jami'in jinyar ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ya zo da moto, Allah ya saka masa. Ya auna tansiyo ko hawan jini ne, ya yi gwajin zazzaɓin sauro, bai ga komai ba. Ya yi mata ƙarin ruwa, ya ba da ƙwayoyin tsai da jiri da amai, ya ce na ƴan kwanaki ne kawai, in ba ta miƙe ba a kai ta birni. Wannan ƙarshen maganar tasa babu wanda ya riƙe. Ƙwayoyin suna sa ta barci, gida ya samu natsuwa, da suka ƙare sai aka ɗauki kwalin aka kai wa mai maganin tebur ranar kasuwa ya ba da irinsu. Haka aka yi ta sayowa.

Aka rataya bargo a ƙofar ɗaki don ta ce haske na tayar mata da shi. Aka kafa doka: kada ta motsa kai. Kunu ma a kwance ake ba ta da ludayi. Duk ɗan dubiyar da ya shigo abu ɗaya yake faɗa, "Sannu Inna, yi kwanciyarki, kada ki motsa." A mako na biyu amai ya tsaya, ɗaki ya daina juyawa. Muka ce sauƙi ya zo. Amma da an ɗaga ta zaune sai ta ce ƙasa na zamewa, ta ƙwalla kira, a mayar da ita. Mako ya bi mako. Matar da ke surfa geronta da kanta, ta je rijiya ta dawo ba ta nemi ɗauki ba, ƙafafunta suka zama kamar karan dawa. Salla a kwance take yi da nuni, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ni ce mai wanka, ni ce mai fitar da bahaya, ni ce mai juya ta. Duk ta baya nake yi, fuskarta na bango. Ina riƙe da ƙwaryar ruwa a hannuna, sai ta ɗaga murya ta ce, "Balki, ce wa waccan ruwan ya yi zafi." Balki tana can madafa! Wallahi wata rana ji na yi kamar in yi jifa da ƙwaryar in ɗauki jakata. Sai in tuna uwa ce, in haɗiye, in ƙara ruwan sanyi.

Da muka haura wata guda na ce sai an kai ta Maraɗi. Kawu Ilu ya ce, "Tsohuwa ce, ku bar ta ta cika a ɗakinta. Me za a je a wahalar da ita a hanya?"

Na ce, "Kawu, wa ya ce maka cikawa za ta yi? Kai ne ka ga takardar?"

Ya ce ba ni da kunya, tarbiyyar birni ce. Na ce na ji. Sa'adu ya ja ragonsa ya kai kasuwa, ni na sayar da turamen da nake tara wa ƴata. Tafiyar kuwa kada Allah ya maimaita. Da amalanke muka fito da ita bakin titi, duk ramin da ƙafa ta faɗa sai Inna ta yi salati. A Maraɗi muka wuni kan benci, ita kwance a cinyar Balki, ana kiran wasu ana tsallake mu, daga ƙarshe aka ba mu randebu, wato mu dawo wata rana. Muka sauka gidan wata ƴar garinmu, ta ciyar da mu ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Da ranar ta zo muka ga lokotoro, likitan kunne, dattijo ne mai sanyin magana. Ya riƙe kan Inna da hannu biyu, ya ce ta dubi hancinsa, ya fizga kan gefe. Ya sake. Sannan ya ce jijiyar cikin kunnenta na hagu ce ta kumbura, wataƙila murar nan ce ta jawo. Ya ce kunne ba ji kaɗai yake yi ba, a can ciki akwai abin da ke tsai da mutum daidai, nata na hagu ya yi rauni, na dama kaɗai ke magana, shi ya sa duniya ta karkace mata. Ya tambayi tun yaushe take kwance. Da na faɗa, sai ya cire tabarau ya aje.

"Wa ya ce ku ci gaba da ba ta ƙwayoyin nan?"

Ya ce a daina su daga yau, ya tura mu wurin kine, wato mai gyaran jiki da motsi.

Kinen wata doguwar mata ce mai amon murya, Hausa da Faransanci duk a haɗe take zubo su. Maganarta har yau tana kunnena. Ta ce, "Mama, maganin jirinki shi ne jirin. Ƙwaƙwalwa sai ta gan shi take koyon gyara shi. Ku kuma kun ɓoye mata shi a ɗaki." Ta zaunar da Inna, ta ɗaga wani kati mai harafi, ta ce ta kafe shi da ido ta riƙa juya kai hagu da dama, ido kada ya bar wurin. Inna ta ce ba ta ganin komai sai fari, don akwai ƴar yana a idonta.

"Bon," in ji kine. Ta jawo ni ta zaunar a gabanta, gwiwa na taɓa gwiwa. "Ki dubi tsakiyar goshin ƴarki."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "A ba ni wani abin."

Kine ta dube ni. Na ce, "Ƴar fari ce ni." Ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta gimtse.

Ta ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai taya ki dole ta zauna gabanki, ta riƙe kafaɗunki kada ki faɗi, ta zuba wa idonki ido ta ga ko yana zamewa. In kin ƙi, koma ki kwanta. Amma ki sani kwanciyar nan ba ta da ranar tashi."

Ta nuna mini sauran motsin ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu dawo in wata ya kama, muka koma gida.

Lokacin noma ne, Sa'adu da Balki tun safe suna gona sai la'asar. Daga ni sai ita a gidan. Na yaye bargon ƙofa, na fito da ita inuwar zaure, na zauna gabanta. Ta runtse ido gam. Na lallasa, ta ƙi. Washegari ma haka. Ta ce wa wata akuya, don ban da ni ita kaɗai ce a wurin, "A jira Balki ta dawo." Raina ya ɓaci, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya.

"Inna, ni ma gida gare ni! Na bar miji da ƴaƴa na zo na zauna. In fuskata ce ba ki son gani, faɗa mini in tafi!"

Na shige ɗaki na yi kukana. Ina share fuska na hangi tandun kwallinta rataye a bango. Na ɗauko, na ɗiga baƙi a tsakanin girata, na koma na zauna.

Na ce, "Ba ni za ki duba ba. Kwalli za ki duba."

Can ta ɗaga ido kaɗan, ta saci kallo, ta mayar.

"Ya yi ƙanƙanta," in ji ta. "Ƙara shi."

Jama'a, wannan ce maganar farko da uwata ta yi mini kai tsaye, ba ta bi ta bakin kowa ba. Na ƙara kwallin har ya kai girman ƙwandala. Na dafa kafaɗunta, ta ɗago ta kafe ni da ido. Ta juya kai hagu, ta juya dama, a hankali, idon na nan a kaina. Ba ta jima ba ta kwaro mini amai a zane. Ina dariya ina hawaye na je na wanke.

Daga nan muka kama. Bayan kowace sallar rana sai mun zauna. Da farko ƴan juyi kaɗan take yi ta ce ƙasa ta tafi, mu dakata ta dawo, mu sake. Kine ta riga ta gaya mini jirin zai taso, kada in tsorata, in dai yana lafawa bayan an huta to aiki na tafiya. Da zama ya zauna muka koma tsaye, ta riƙe wuyan hannuna, ƙafa a haɗe. Daga baya kan rairayi mai laushi, sannan ido a rufe, sannan tafiya daga zaure zuwa rumbu tana waiwaye hagu da dama, ni ina ja da baya a gabanta.

Surutu kam mun sha shi. Kawu Ilu ya ce ina gana wa tsohuwa azaba, ina ya taɓa jin ana maganin jiri da kaɗa kai. Maƙwabta suna leƙe ta kan danga. Wata ta ce, yadda za mu ji, "Oh, duniya! Inna an zubar da kara." Ranar Inna ta ƙi fitowa sam. Washegari da kanta ta ce mu koma bayan rumbu inda ba mai ganinmu. A can ne wata rana ƙafarta ta zame, na tare ta, muka tafi gaba ɗaya muka faɗa kwamin ruwan awaki. Na tashi a firgice ina duba ta, sai na ji tana ƙyalƙyala dariya.

"Ashe ke ma jirin gare ki."

Na ce, "Gado na yi."

Ta ce, "Ja'ira."

Wannan zagin ya fi mini duk wata albarka da aka taɓa sa mini daɗi. A hankali bakinta ya buɗe, amma sai lokacin motsin kawai, kamar a nan ne aka ba ta izini. Wata rana tana cikin juya kai ta ce, "Tabon nan na gefen girarki, kasko ne. Kina rarrafe kika faɗa kansa. Ni na ɗauke ki, babu kowa a gidan, na goya ki har la'asar." Ni da na girma ina zaton ko sau ɗaya ba ta taɓa goya ni ba. Akwai safiyar da na manta ban ɗiga kwallin ba, sai da muka gama na tuna. Ba ta nemi kwallin ba, ni ma ban sake ɗigawa ba.

Ranar da ta fara salla a tsaye ina bayanta hannuwana a buɗe. Ta yi ruku'u, ta ɗago, ta ɗan yi tangaɗi, ta tsaya. Da ta sallame ta daɗe tana shafa fuska. Gero ya fara fitar da kai lokacin da muka koma Maraɗi karo na ƙarshe, kuma da ƙafarta ta shiga ɗakin kine, ba mai riƙe da ita. Kine ta sa ta tafi, ta juya, ta tsaya da ido rufe, sannan ta tafa hannu.

"Se fini, Mama! Kin warke. Ki yi ta yawonki, ki yi aikinki, ki dai kula da duhu da wuri mai santsi. Zaman kallon nan kuma ya isa, ba ki da sauran bukatarsa."

Na yi mata godiya, kuma har ga Allah godiyar gaskiya ce, don ita ta tayar mana da uwa. Amma na san in zaman ya ƙare, kallon ma ya ƙare. A mota Inna ta mai da fuska taga har muka iso. Muna shiga gida ta ce, "Balki, ce wa waccan ta je ta huta, ta sha hanya." Kara ta dawo wurinta kamar ba ta taɓa fita ba. Gari ya yi ta zuwa barka, Kawu Ilu yana gaya wa mutane rubutunsa ne ya yi aiki. Ni ina amsa barka, cikina kamar an yi mini mutuwa.

Ga abin da zan ce wa masu jinya. In jiri ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, kada ku tsaya hayaƙi, ku nufi asibiti a take. In kuwa irin na Inna ne, ƙwayar barci ta ƴan kwanaki ce, ba ta wata ba, kuma tausayin da ke hana mara lafiya motsi cuta ne. Da mun sani, da ba ta yi rabin wahalar da ta yi ba.

Ban daɗe ba aka kira ni daga Tasawa. Ƴata Ramatu ta dawo gida goyon ciki, watanta ya kama, dole in je. Safiyar tafiyata na ga Inna da idona ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ko ɗigo bai zuba ba. Na ɗaure kaya, mai kabu-kabu na ƙofar gida yana ta matsa oda. Na durƙusa na yi mata sallama, ta amsa wa bango. Na kai zaure ke nan sai na ji muryarta.

"Balki, ce wa waccan jirin ya dawo."

Balki ta ce, "Haba Inna, yanzun nan fa kika…"

Na ce, "Balki, bari." Na aje jaka na koma. Ta riga ta zauna a tabarma. Na zauna gabanta, na dafa kafaɗunta, ta ɗago ido. Na jira ta fara juya kai. Ba ta juya ba. Kallona kawai take yi, daga goshi zuwa haɓa, a hankali, kamar mai zaɓen tsaba.

Na ce, "Inna, juya kan mana."

Ta ce, "Ina juyawa."

Mai moto ya yi ta oda, ba wadda ta motsa. Hawaye na zuba mini, ban saki kafaɗarta na share ba. Can ta sauke numfashi.

"To, ya lafa. Tashi kada ya tafi ya bar ki."

Na ce mata da an yi arba'in ɗin Ramatu zan dawo in kwana biyu. Ta gyaɗa kai.

Ramatu ta sauka lafiya. Muna tsakiyar wankan jego, ana girbi, zazzaɓi ya kama Inna. Ba jirin ba ne, shi kam ta rabu da shi. Sa'adu ya ce mini da sauƙi, kada in taso in bar mai jego. Kwana uku ta yi. Da aka kira ni na baro Tasawa a guje, amma kafin in ratsa rairayin nan an riga an kai ta makwancinta.

A zaman makoki mata suka yi ta rungumar Balki, maza na wurin Sa'adu suna ba shi haƙuri. Ni in an zo kaina sai a dafa ni a ce, "Sai haƙuri, Hadiza. Ke ai da sauƙi, tunda ba ita ta riƙe ki ba, ba ku shaƙu ba." Na ce musu na gode, Allah ya ba da lada. Ban gaya wa kowa ba cewa ƙwayar idon Inna ba baƙa ba ce kamar yadda suke zato. Ruwan ƙasa ce mai haske, kuma akwai wani ɗan ɗigo a ta hagu, daga ƙasa. Sa'adu da ya girma a cinyarta na tambaye shi, ya ce shi bai taɓa lura ba.